Kwanon Kajin Malama

Shekarar da mai gidana ya rasu, ɗana ya zo Rigachikun da motar haya ya ɗauke ni, ni da akwatina da turmina, ya kawo ni gidansa a Unguwar Dosa. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa, ba kuma yau zan fara ba. Ma'aikacin gwamnati ne, matarsa ma haka, kowa da ofishinsa. 'Ya'yansu huɗu. Ni ce baki na bakwai a gidan. Ba wanda ya taɓa faɗa mini haka, ni na ƙirga da kaina.

A Rigachikun ban san abinci yana da wata ba. Abinci shekara gare shi. A girbe masara a zuba a rumbu, mace ta san abin da za ta riƙa ɗiba daga wannan kaka zuwa waccan. Da na zo birni sai na tarar ran abinci kwana talatin ne. Ranar da albashi ya shigo, ɗana da matarsa su tafi kasuwar Kawo, su dawo bayan mota cike: shinkafa, garin masara, wake, manja, taliya. A jibge a sito. Makon farko gida kamar ana suna. Mako na biyu a ci a ƙoshi. Na uku a fara karkata buhu. Na huɗu kuwa, sai ka ji mata da miji suna magana ƙasa-ƙasa a bayan ƙofa, kamar an aiko da saƙon rasuwa.

Ana nan, ana nan, sai ga shekarar da man fetur ya yi tsada, komai ya bi shi a guje. Kuɗin da ke cika bayan mota ya koma ba ya rufe ko rabinsa. Wata safiya muna karyawa, surukata ta ce wa ɗana shinkafa ta ƙare. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Yau ashirin ga wata. Ashirin! Sauran kwana goman me za mu dafa, takardun ofis?"

Ta ce, "Ni ma ba cinye ta na yi ba."

Na dube su duka biyun. Na ce, "A ba ni makullin siton."

Ta ce, "Haba Inna, ke da aka kawo ki ki huta."

Na ce, "Na huta shekara biyu. Hutun ya ishe ni."

Shi ke nan, aka ba ni. Na ɗaure makullin a bakin zanena. Ranar nan na ji ƙafata ta taka ƙasar gidan sosai, karo na farko tun zuwana.

Ban yi boko ba, kalandar da ke rataye a falo hoto ce kawai a wurina. Sai na ɗebo tsakuwa talatin na zuba a ƙoƙo. Kowace safiya in cire ɗaya, in dubi ƙoƙo, in dubi buhu. In buhu ya riga ƙoƙo gudu, in tsuke hannu. Gwangwanin madara ne ma'aunina, a shafe bakinsa da yatsa, ba tozo. Yara a zuba musu kaɗan, wanda ya suɗe kwano a ƙara masa. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame. Ƙanzon tukunya in kankare in shanya a faifai, ya bushe in zuba a buhu, ran da aka matsu in jiƙa shi in yi kwaɗo da ƙuli. Tumatir in ya yi araha in yanka in shanya, don firij ɗin gidan ba a dogara da shi, wuta sai ta ga dama. Jikokina suka yi ta ƙorafi.

"Kaka, yau ma ƙanzo? Haƙoranmu fa za su zube."

Na ce, "Ni da na shekara saba'in ina cinsa, ga nawa nan guda shida, lafiya lau."

Watan farko muka kai ashirin da bakwai. Saura tsakuwa uku a ƙoƙo, buhu ya kwanta. Na zauna a ƙofar sito na yi ta tunani. Na san awona, na san ba ya ƙarya. Akwai inda abinci ke tsiyaya. Ban daɗe ina nema ba, don kullum a gabana ake yi.

Jikin katangarmu akwai wani ɗaki ɗaya a bayan gidan maƙwabta. Wata tsohuwa ce a ciki, Kirista, 'yar kudancin Kaduna, tsarata ce ko ta girme ni kaɗan. Ta yi shekaru tana koyarwa a firamare a Malali har ta yi ritaya, kowa a layin Malama yake ce mata. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a kusa. Hausa a bakinta kamar ruwa. Ita kuma Hajiya take ce mini, ko da yake ban taɓa zuwa Makka ba. Kowace safiya ina jin rediyonta ta katanga, ana waƙoƙin cocinsu, tana binsu da 'yar siririyar murya.

Kullum bayan la'asar, in surukata ta dawo daga ofis, sai mu ji sallama. Malama ce, da wani tsohon kwanon samira mai murfi, fentinsa duk ya ɓaɓɓare.

"Sannunku da gida. Ko akwai na kaji?"

Haka ake yi a layin tun da. Mai kiwo ya bi maƙwabta ya karɓi ragowar abinci, maimakon a zubar a kwata. Surukata ta karɓi kwanon ta shiga kicin, ta fito da shi a rufe. Malama ta sa hannu biyu ta karɓa, ta yi godiya, ta tafi.

Ni kuwa shekara arba'in na yi ina kiwon kaji. Gidan da ke da kaza ba ya ɓuya. Da asuba za ka ji cara, da rana ka ji kyarkyara, iska ta kaɗo maka warin kashinsu. Ta katangar nan ban taɓa jin ko ɗaya ba, sai rediyo.

Wata rana na bi surukata kicin. Na tarar ta wanke kwanon da sabulu, ta zuba shinkafa mai zafi daga cikin tukunya, ta sa miya a gefe, ta binne tsokar nama a ƙasa, sannan ta yayyafa ƙanzo a sama.

Na ce, "Kajin nan har da nama suke ci?"

Ta yi firgigit. "Inna, tsoka ɗaya ce."

"Ni dai ban taɓa ganin kazar da ake sa wa miya a gefe ba."

Ta tura ƙofar kicin, ta rage murya. "Inna, kin sani, na sani. Kajinta sun mutu tun bara, ciwo ya kwashe su. Fanshonta ba ya kai ta mako biyu. Ita ta koya mini karatu, Inna. Ita ta kama hannuna na rubuta sunana. Ba za ta iya buɗe baki ta yi roƙo ba, ko za ta mutu. Don Allah ki bar ta da kajinta."

To, kun ji. Ba zan ce ban sani ba. An faɗa mini da Hausa, a kicin, ƙofa a rufe.

Amma ni abin da na gani shi ne kwano ɗaya sau talatin. Shi ne tsakuwoyina uku. Kuma akwai wani abu da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Farkon zuwana, Malama ta same ni riƙe da kwalin magani a juye, ƙasa a sama. Ta gyara mini shi, ta karanta mini, ta ce, "Hajiya, ki riƙa shigowa da yamma in koya miki, ko sunanki ne ki iya rubutawa." Da alheri ta faɗa. Ni kuwa maganar ta zauna mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi. Gidan nan kowa ya iya karatu, har autan da bai daina fitsarin kwance ba. Abu ɗaya na iya wanda ba su iya ba, shi ne in kai abinci ƙarshen wata.

Ban kai maganar gaban ɗana ba. Na san shi. Da ya ji, cewa zai yi a ba ta, a ƙara mata. Kuma ba a korar maƙwabciya da kwano a hannu, abin kunya ne. Sai na jira.

Kwanci tashi, aka tura surukata kwas Zariya na mako biyu. Ranar tafiyarta ta durƙusa ta yi mini sallama, ta ce, "Inna, ga amanar kajin Malama." Na ce, "Kaji ai na san hannunsu."

Da hantsi na je wurin mai injin niƙa na karɓo dusa a leda.

La'asar ta yi, sallama ta zo. Na ce, "Shigo, Malama, ai ba a tsaya a ƙofa ba." Na karɓi kwanon na ajiye a tsakar gida, a gabanta. Na kankaro abin da yara suka bari a faranti, har da ƙashin da suka tsotse. Na zuba. Na ɗebo dusa cikin hannu na watsa a kai. Na kwararo ruwan wankin shinkafa. Na sa hannu na cuɗa, na cuɗa, har ya haɗe.

Na ce, "Haka kaji suka fi so, Malama. Shinkafa zalla kitse take sa musu, su daina ƙwai."

Ta dubi kwanon. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ɗago ta ce, "Gaskiya ne, Hajiya. Kin fi ni sanin kaji."

Ta sa hannu biyu ta karɓa, ta yi godiya, ta tafi.

Na ɗauka shi ke nan, ba za ta dawo ba. Washegari bayan la'asar sai ga sallama. Na cuɗa mata. Jibi ma ta zo. Na cuɗa mata.

A rana ta biyar na hau kan turmina zan shanya ƙanzo a kan katanga. Ban yi niyyar leƙawa ba, amma ido ba ya neman izini. Na gan ta zaune a ƙofar ɗakinta da rariya da bokitin ruwa. Ta juye abin cikin rariya, tana zuba ruwa kaɗan-kaɗan, dusar tana bin ruwa, ƙwayoyin shinkafa suna tsayawa. Ta tsince ƙasusuwan ta ajiye gefe. Abin da ya rage bai cika tafin hannu biyu ba. Ta ɗora a kan ɗan kurfoti ya yi zafi. Ta juye a faranti mai tsabta, ta ɗauko cokali, ta rufe ido, ta yi addu'a. Ta daɗe tana addu'ar. Sannan ta ci, a hankali, bayanta a miƙe, kamar tana gaban aji.

Na sauko daga kan turmin. Na yi alwala na yi azahar. Da la'asar ta zo, na sa dusa kamar jiya. Ban rage ko ƙwaya ba.

Ina so in ce shaiɗan ne. Amma shaiɗan bai je wurin mai niƙa ba, ni na je da ƙafata.

Ranar Juma'a mata biyu na layin suna tsakar gidanmu, ɗaya tana yi wa ɗaya kitso, sai ga Malama da kwanonta. Ban san abin da ya hau kaina ba, ko ganin masu kallo ne.

Na ce, "Malama, ni kam kajin nan naki ba sa cara ne? Ko su ma sun yi ritaya?"

Matan suka tuntsire da dariya. Mai kitson har da sakin gashi.

Malama ta yi murmushi. "Masu kunya ne, Hajiya."

"To ƙwai fa? Shi ma kunya ce ta hana? Wata nawa suna cin abincin gidan nan, ko ƙwai ɗaya ba mu gani ba. A ƙauyenmu kazar da ta yi haka, wuƙa ce maganinta."

Aka sake dariya, amma wannan karon ba ta yi tsawo ba. Wadda ake yi wa kitson ta sunkuyar da kai. Malama ta karɓi kwanon da hannu biyu. Ta ce, "Za su yi, Hajiya. Ki ƙara musu haƙuri."

Asabar ba ta zo ba. Lahadi da safe na lura ban ji rediyo ba. Na kasa kunne a katanga, shiru. Da rana, bayan an taso daga coci, sai ga sallama. Tana sanye da zanen cocinta da farin ɗankwali, an goge su sumul. Ta miƙo mini kwanon. Na buɗe.

Ƙwai ne guda shida. Manya, jajaye, kansu ɗaya, ba ɗigon kashi ko gashi a jikin ko ɗaya. Ƙwan gidan gona ne, irin wanda ake jerawa a kanti. Kazar gida ba ta yin irinsa, ƙwanta ƙanana ne, farare. Ta san na sani. Na kuma san inda rediyon ya tafi.

Ta ce, "Kajin sun ce a gaishe ki, Hajiya. Sun gode da ɗawainiya."

Na ce, "Madalla. Bari in juye in cuɗo musu na yau."

"A'a, ki bar shi. Na sayar da su. Tsufa ya zo, ba zan iya kiwo ba."

"Kwanon fa?"

"Ki riƙe. Ba ni da abin yi da shi."

Ta juya ta tafi. Ina kallon bayanta har ta fita, ba ta dafa bango ba sai da ta ɗauka ta wuce idona.

Ƙwan nan ban mayar ba. Na soya huɗu da albasa na raba wa yara da safe, biyu na ajiye na jibi. Ranar ban taɓa wake ba.

Surukata ta dawo ranar Laraba. Ta shiga sito za ta ajiye tsaraba, ta ga kwanon samira a kan kanta, ta ga ragowar dusa a leda kusa da shi. Ta fito ta ɗora tukunya da kanta, ta dafa shinkafa da wake, ta zuba a kula mai kyau, ta yafa mayafi ta nufi ɗakin Malama. Ba ta jima ba ta dawo da kular yadda ta tafi da ita. Na ji tana faɗa wa mai kitso a bakin ƙofa. Wai Malama ta ce, "Na ƙoshi, 'yata, yanzu na tashi daga kan abinci. Kuma kin san ba ni da kaji yanzu."

Ta sake komawa washegari, ta ce sadaka ce ta rasuwar mahaifinta. Malama ta yi masa addu'a, ta ce a kai wa mabuƙata. Ta koma na uku, ta ce sabon girki ta koyo a Zariya, tana so malamarta ta ɗanɗana. Malama ta ɗebi cokali ɗaya, ta yaba, ta rufe kular ta miƙo mata. Ƙofa ɗaya ce tak abinci ke iya shiga ɗakin nan ta cikinta, ni kuwa na toshe ta.

Ranar talatin ga wata na cire tsakuwar ƙarshe daga ƙoƙo. Na shiga sito na auna abin da ya rage. Shinkafa mudu biyu, da ɗan wake, da manja a gindin galan. Na kira ɗana ya gani da idonsa. Ya tafa hannu, ya kira matarsa.

"Zo ki ga ikon Allah! Wata ya ƙare, shinkafa ba ta ƙare ba. Inna da ba ta taɓa shiga aji ba! Mu da digirinmu sai dai mu zo mu ɗauki darasi."

Surukata ta dubi mudu biyun nan, ta dube ni. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Inna."

Maganar da nake jira ke nan tun ranar da aka sauke ni daga motar haya. Na same ta. Na ji daɗinta kuwa, ba zan yi ƙarya ba.

Damina ta yi nisa. Ina ganin Malama jefi-jefi tana zuwa famfo da ƙaramin bokiti, sannan da ɗan galan, sannan na daina ganinta. Matan cocinsu sukan leƙo ranar Lahadi, ban san abin da take gaya musu ba. Wata Lahadi aka ce ta faɗi a hanyar coci. Bayan kwana uku wata mota ta tsaya a layin, danginta ne daga kudu. Na tsaya a bakin get. Namiji ɗaya ne ya ɗauko ta, shi kaɗai, kamar ya ɗauko ƙunshin wanki. Agogon hannunta ya zamo har gwiwar hannu. Surukata tana gefen motar tana kuka ba sauti. Da za a sa ta a ciki, Malama ta juyo da kai ta gan ni.

Ta ce, "Hajiya, mun gode da zaman tare."

Na ce, "Allah ya ba da lafiya, Malama."

Ba ta ga kakar shekarar ba. Mai kitso ce ta kawo labarin.

A makon da labarin ya zo na buɗe buhun ƙanzon da nake tarawa tun farkon karɓar makulli. Danshin damina ya shige shi. Tun daga baki har gindi ya yi kore, yana wari. Na ja shi da kaina zuwa bola na juye. Ko kaza ba za ta ci ba.

Surukata har yau tana durƙusawa ta gaishe ni safe da yamma. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ba ta kuma gaya wa mijinta ba. Amma tun daga lokacin ba ta ƙara cin abin da na auna ba. Takan ce ta ci a ofis. Rabonta nakan shanya.

Ƙoƙon tsakuwar ya fashe bara, sai na mayar da su cikin kwanon samira, yana da murfi. Makullin yana nan a bakin zanena. Kowace safiya in buɗe kwanon, in cire ɗaya, in dubi buhu. Wata yana kai mu. Ko sau ɗaya bai gaza ba.